Matatar inji ko tafkunan tacewa: wanne ya fi raga wa kogin da ke ƙasan gari?

Duk lokacin da gwamnatin jiha, ko jami'a, ko barikin soja, ko mai gina rukunin gidaje ya samu kuɗin da zai yi wa ruwan ƙazanta magani, zaɓi biyu ake ajiye masa a kan tebur. Na farko matatar inji, mai manyan tankunan siminti da injinan hura iska da ɗakin makunnai, irin wadda ake kai baƙi su gani. Na biyu tafkuna ne kawai, uku ko huɗu a jere, ruwa yana gangarawa daga wannan zuwa wancan, rana da iska suna yi masa aiki. Yawancin masu yanke hukunci idonsu na kan na farko, don shi ne ya yi kama da ci gaba. Sai dai waɗanda zaɓin zai fi shafa ba sa cikin zauren taron. Suna can ƙasan gari, inda ruwan ke gangarawa: mai lambun latas a bakin rafin Jakara na Kano, masunci a dam ɗin Wasai da rafin ke zubawa a ciki, mata masu wanki, makiyayin da zai shayar da shanu.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. A garin da ke da fili da zafin rana da wutar lantarkin da ba a iya rantsuwa da ita, tafkuna sun fi raga wa kogi. Amma ba ko'ina ba ne, kuma akwai ƙazantar da dukkansu biyu ba su da maganinta.

Abin da ƙazanta ke yi wa kogi

Kogi yana numfashi. Akwai iskar oksijin narke a cikin ruwansa, kuma ba ta da yawa: kimanin miligiram 9 a kowace lita idan zafin ruwan yana digiri 20, ta sauko zuwa wajen 7.5 idan ya kai digiri 30. Yawancin kifaye suna fara galabaita idan ta yi ƙasa da 4 ko 5, ko da yake tarwaɗa tana da juriya don tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska. Idan aka zuba najasa da ruwan wanke-wanke a kogi, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan taso su ci, kuma da wannan iskar suke cin. Masana suna auna yawan iskar da ƙazanta za ta cinye da ma'aunin da suke kira BOD. Ɗanyen ruwan kwatamin gari yakan kai miligiram 200 zuwa 400 a lita. Ke nan lita ɗaya tana iya shanye iskar da ke cikin lita arba'in na ruwan kogi mai kyau.

Tun a 1925 wasu masana biyu, Streeter da Phelps, suka nuna a kan kogin Ohio na Amurka cewa ba a bakin bututu ɓarnar ta fi tsanani ba. Sai ruwan ya yi tafiya, halittun sun samu lokacin ci, sannan iskar ta faɗi warwas. Shi ya sa garin da ya zubar yakan ga koginsa da dama-dama, ƙauyen da ke kilomita goma ko ashirin a ƙasa kuma shi ne ke tsintar matattun kifi yana toshe hanci. Kogin Thames na Landan ya kai matsayin da a 1957 aka ce wani sashensa ya mutu, ba abin da ke rayuwa a ciki, kuma gyaran matatun birnin ne ya dawo da shi.

Ga inda namu ya bambanta. Tsohon ma'aunin Ingila na 1912, wanda ya ce ruwan da ya fito daga matata kada BOD ɗinsa ya wuce miligiram 20 a lita, an gina shi ne a kan cewa kogin zai sirka shi da ruwa mai kyau aƙalla ninki takwas. Ina ninki takwas a rafin Jakara cikin watan Afrilu? Da rani, mafi yawan abin da ke gudu a cikinsa ruwan da Kano ta zubar ne, na gidaje da na mayanka, ga kuma na masana'antun Bompai da rafin Getsi ke kawowa. Haka kwarin Gountou Yena yake ratsa Yamai ya kai wa kogin Neja abin da ya kwaso. A irin wannan wuri, abin da ya fito daga matata shi ne kogin. Da shi za a yi ban ruwan alayyafo gobe da safe. Don haka tambayar da za a yi wa kowace matata ita ce: me take fitarwa a ranar da ta fi muni, ba a ranar da aka zo buɗe ta ba?

Matatar inji

Dabarar da yawancin matatun inji ke aiki da ita an ƙirƙiro ta ne a Manchester a 1914, a hannun wasu masana biyu, Ardern da Lockett. Ana tace leda da tsumma, a kwantar da yashi, sai a tura ruwan cikin tanki ana hura masa iska dare da rana. Halittun nan da za su cinye iskar kogi, a nan ake kiwonsu, su ci ƙazantar cikin sa'o'i kaɗan. Daga nan a kwantar da su a wani tankin, a mayar da wasu baya su ci gaba da aiki, ruwa garau ya wuce. Idan komai yana tafiya daidai, kashi 90 cikin 100 na ƙazantar ko fiye yana tafiya, kuma idan an tsara ta da kyau tana iya rage naitirojin da fosfaras, sinadaran da ke cikin takin zamani, waɗanda idan suka yi yawa a dam sai gansakuka da kainuwa su rufe shi. Wannan babban abu ne, kuma tafki bai kai ta ba a nan. Ga shi ba ta cin fili. Matatar Wupa ta Abuja, wadda ta fara aiki a wajen 2007 kuma aka tsara ta don ƙazantar mutum kusan 700,000, irin wannan ce, kuma ga birni irin Abuja da aka shimfiɗa wa bututun ƙarƙashin ƙasa tun farko, zaɓin yana da hujja.

Matsalar ita ce abu ne mai rai. Kamar kiwon kajin gidan gona yake: dare ɗaya aka yi sakaci da iska, da safe sai kwasar gawa. Idan injin hura iska ya tsaya na wasu sa'o'i, tankin zai fara wari, launinsa ya tashi daga ruwan ƙasa zuwa baƙi. Idan ya kwana biyu ko uku, halittun sun lalace, kuma kafin a sake tayar da su sai an yi makonni. Duk tsawon wannan lokaci gari bai daina shiga bayi ba. Ruwan yana zuwa, kuma kusan kowace matata tana da bututun kewaye da ake buɗewa ya wuce kai tsaye zuwa kogi. Abin da ya fi ban takaici, yanzu an tattaro ƙazantar unguwanni da dama an zube ta a wuri guda, wadda a da take warwatse a cikin sokawe da masai.

Hura iskar nan kaɗai yakan cinye rabin wutar matatar ko fiye. Bari mu yi lissafin misali. Gari mai mutum 50,000, kowa yana zubar da lita 60 a rana, ya ba da kubik mita 3,000. Idan kowane kubik mita ya ci rabin yunit na wuta, ana neman yunit 1,500 kullum. Idan janareta ne zai ɗauka, kuma lita ɗaya ta dizal tana ba da kimanin yunit uku, to lita 500 ke nan a rana, har ranar sallah. Kowa ya ninka da farashin dizal na yau ya ga ko ƙaramar hukumarsu za ta iya biya a watan da albashi ya makara. Ba a yi maganar famfon da ya ƙone ba, wanda sai an yi odar kayansa daga Jamus ko Sin, da injiniyan da zai zauna yana duba lakar tankin kullum. Ghana ta ɗanɗana wannan: matatar zamani da aka gina a Jamestown ta Accra a farkon shekarun 2000 ta tsaya bayan 'yan shekaru, ƙazantar ta ci gaba da kwarara tafkin Korle da teku, sai daga baya aka gyara ta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ruwan matatar inji yana fitowa garau, amma garau ba shi ne lafiya ba. Tana kashe kashi 90 zuwa 99 na ƙwayoyin cutar hanji, adadin da ke da daɗin ji har sai ka tuna cewa a rabin kofin shayi na ɗanyen ruwan kwatami akwai miliyan goma ko fiye. Cire kashi 99, saura dubu ɗari. Dole a ƙara sinadarin kulorin ko fitilar kashe ƙwayoyin cuta, wani kuɗin da wata wutar, kuma ƙwan tsutsar ciki ba ya jin kulorin sosai.

Tafkunan tacewa

A nan lokaci ne ke yin aikin da inji ke yi a can. Tafkin farko mai zurfi ne, mita 3 zuwa 5, ba iska a cikinsa. Ƙazanta mai nauyi tana kwanciya ta ruɓe, kuma a zafi irin namu kwana ɗaya ko biyu sun isa ya rage fiye da rabin nauyin. Na biyu mai faɗi ne, zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi. Shi ne zuciyar aikin: gansakuka tana shan rana ta saki oksijin, halittun ruwa su yi amfani da ita su ci ƙazanta, su kuma saki abin da gansakukar ke buƙata. Ruwan yakan koma kore shar, kuma koren nan alamar lafiya ce. Na ƙarshe, ɗaya ko biyu ko uku, marasa zurfi ne, aikinsu kawai su shanya ruwan a rana har ƙwayoyin cuta su mutu. Gaba ɗaya ruwan yakan yi makonni biyu zuwa huɗu kafin ya fita.

Wannan doguwar zama ita ce ribar mai lambu. Ƙwan tsutsa yana da nauyi, yana nutsewa ya zauna a ƙasa. Ƙwayoyin amai da gudawa da taifot kuwa zafin rana da canjin da gansakuka ke yi wa ruwan da tsakar rana suna karkashe su. Hukumar Lafiya ta Duniya a 1989 ta ce ruwan da za a yi ban ruwan ganyen da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsa ɗaya a lita, ƙwayoyin hanji kuma kada su wuce 1,000 a mililita 100. Jerin tafkuna da aka tsara da kyau yana iya kai wa nan ba da ɗigon kulorin ba. Idan aka ɗauke wuta, ba abin da ya sha masa kai, in dai an zaɓi wuri mai gangare yadda ruwa zai bi da kansa. Idan aka yi masa sakaci na wata uku, aikinsa raguwa yake yi, ba tsayawa cak ba. Wannan bambanci shi ne ya fi komai nauyi a wurina.

Ba sabon abu ba ne a wajenmu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana da irin waɗannan tafkuna a Samaru. Nairobi tana da na Dandora, waɗanda ke cikin mafi girma a Afirka, har dorina da kada sun mayar da su gida. Wagadugu ta buɗe nata a Kossodo a 2004. A gabashin Kolkata ta Indiya kuwa, ƙazantar birnin ce ke ciyar da tafkunan kifi a dausayi mai faɗin hekta 12,500, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2002.

Yanzu ga aibinsa, kuma yana da yawa. Na farko fili. Garin nan namu mai mutum 50,000 zai nemi kamar hekta goma, inda matatar inji za ta wadatu da ɗaya ko biyu. A gefen Hadeja ko Gumel ko Maraɗi wannan ba wani abu ba ne. A cikin Kano ko Kaduna kuwa, inda kududdufan da kakanni suka bari ma an cike su an yi shaguna, hekta goma rigima ce. Kuma filin da ka ware yau a bayan gari, nan da shekara goma sha biyar gidaje sun kewaye shi, masu gidajen kuma su fara kai ƙara a kan wari. Sai an sayi filin da yalwa tun yana da araha, an kewaye shi, an bar tazara tsakaninsa da gidaje.

Wari yana zuwa ne idan an ɗora wa tafkin farko fiye da ƙarfinsa, ko an bar laka ta cika shi. Ana buƙatar yashe shi duk bayan 'yan shekaru, aikin da kowa ke ɗagawa zuwa baɗi. Sauro kuma ba ya son buɗaɗɗen ruwa mai kaɗawa, amma da zarar ciyawa ta sauka cikin ruwan daga gefe, ya samu gida. Mutum biyu da lauje da cebur da kwale-kwale ƙarami sun isa su hana wannan, sai dai dole a biya su. Idan ƙasar wurin jigawa ce, dole a daɓe gindin tafkin da yumɓu ko a shimfiɗa roba, in ba haka ba rijiyoyin maƙwabta ne za su sha. Kuma a yi lissafin girmansa da sanyin hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da halittun ke yin sanyin jiki kuma hazo ya tare rana, ba da zafin bazara ba.

Ta fuskar kogi, babban aibin tafki shi ne koren nan da na yaba. Gansakukar da ta fita da ruwan ita ma nauyi ce. Da rana tana ba kogi iska, da dare tana shanyewa, in ta mutu ta ruɓe. Idan ruwan gona zai tafi, wannan taki ne na kyauta. Idan kuwa cikin dam zai faɗa, ruwa mai kwanciya kamar Wasai, to an kai masa abin da zai ƙara rufe shi. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a ƙara masa fadama ta gini a ƙarshe: fili mai tsakuwa da aka dasa wa kachala ko makamanciyarta, ruwan ya ratsa saiwoyi ya bar gansakukar a nan. Mutanen Hadeja da Nguru da kachala ta toshe wa hanyoyin ruwa za su yi dariyar a ce a dasa ta da gangan, kuma suna da gaskiya idan ba za a riƙa yanke ta ba. Ƙafewa ma asara ce: a watannin zafi ruwa mai yawa yana tashi sama, wanda ya rage kuma gishirinsa ya ƙaru.

Abin da ya fi ƙarfin su biyun

Ruwan majema. Masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna aiki da gishiri da sinadarin kiromiyam da wasu masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kiromiyam ba ya ruɓewa. A matatar inji yana iya gurgunta halittun tanki, wanda ya kwanta kuma ya taru a laka, lakar da manomi zai so ya kwasa ya kai gona. A tafki ma haka. Gishiri kuwa ta kowace hanya wucewa yake yi kamar yadda ya shigo. A Kossodo an haɗa ruwan masana'antu da na gidaje, kuma bincike ya nuna cewa gonakin da aka yi wa ban ruwa da shi ƙasarsu ta yi kanwa, ta yi tauri ta daina shan ruwa, saboda yawan soda. Tafkunan sun yi aikinsu, abin da aka zuba musu ne ba nasu ba. Dole kowace masana'anta ta cire gubarta a cikin harabarta kafin ruwanta ya haɗu da na gari. Dokokin da hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, NESREA, ta fitar a 2009 kan masana'antun fata da masaƙu sun tanadi haka. Ga kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Hadeja, wannan ya fi zaɓin irin matata gaggawa.

Sai kuma tambayar da ya kamata ta zo kafin duk wannan: ta ina ruwan zai iso matatar? Yawancin garuruwanmu ba su da bututun ƙazanta. Masai ne da sokawe, sai motar yashe masai da masu kwasa da hannu, waɗanda sau da yawa a bakin rafi ko gonar wani suke juyewa. Shimfiɗa bututu yakan fi gina matatar kanta tsada. Gari irin wannan, abin da zai fara rage wa koginsa nauyi shi ne wurin da motocin za su juye: tankin kwantarwa, da gadajen yashi da ake shanya laka har ta bushe, ruwan da ya tsiyaye kuma ya shiga ƙananan tafkuna. Abin da ke cikin motar nan ya ninka ruwan kwatami kauri sau da yawa, don haka juye shi kai tsaye cikin tafkin da ba don shi aka yi ba kashe tafkin ne.

To wa zai ɗauki wanne?

Jami'a, bariki, asibitin koyarwa, sabon rukunin gidaje a bayan gari, ko hedikwatar ƙaramar hukuma mai fili, musamman inda 'yan lambu ke jiran ruwan a ƙasa: tafkuna, da fadama a ƙarshe idan ruwan zai shiga dam. Tsakiyar babban birni inda fili ya yi tsada, ko inda ruwan zai faɗa tafkin da ake shan ruwansa har ya zama dole a cire naitirojin da fosfaras: matatar inji, amma da sharaɗin a ga layin wutarta na musamman da kuɗin gudanarwarta na shekara goma a rubuce kafin a aza tubali, kuma in akwai ɗan fili, a yi mata tafki ɗaya a baya wanda zai tari ruwan ranar da inji ya tsaya.

Kowanne aka ɗauka, a tambayi ɗan kwangila yadda ya yi da yashi. Titunanmu ba duka ke da kwalta ba, kuma da toka da yashi ake goge tukunya a gidaje da yawa. Yashin nan yana cinye haƙoran famfo, yana cike tafkin farko kafin lokacinsa. A tambaye shi ina ruwan saman Agusta zai bi. A tabbatar bakin bututun fitarwa yana ƙasa da inda gari ke ɗiban ruwan sha, ba sama ba. Gwajin ruwa kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a riƙa yinsa a Afrilu da Mayu, da asuba lokacin da iskar kogi ta fi ƙaranci, a bakin bututu da kuma a ƙauye na farko da na biyu da ke ƙasa, a liƙa sakamakon a ƙofar gidan mai gari.